Darasi na Bakwai: Girkawa da Saita Manhajar Adana Zane-zanen Aikin Injiniya

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran ɗalibi zai iya:

1. bayyana dalilin da ya sa ofishin injiniya ke bukatar wuri ɗaya tak na ajiye zane da lissafi;
2. girka VisualSVN Server a kwamfutar ajiya, da TortoiseSVN a kwamfutocin ma'aikata;
3. buɗe rumbu, da yi wa ma'aikata rajista, da raba musu izini;
4. saita kulle yadda mutum biyu ba za su gyara zane ɗaya a lokaci guda ba;
5. ɗaukar kwafin ko-ta-kwana da gwada lafiyarsa.

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa aiki a ofishin injiniya ko na masu zanen gini ya san irin wannan folda: kwalbati.dwg, kwalbati_sabo.dwg, kwalbati_sabo2.dwg, kwalbati_na_karshe.dwg, kwalbati_na_karshe_gyararre.dwg. Wani yana cikin kwamfutar mai zane, wani a filashin babban injiniya, wani kuma an tura wa ɗan kwangila ta WhatsApp tun makon jiya. Ranar da za a zuba kankare sai mai ɗaurin rodi ya zo da takarda a hannu ya ce: "Injiniya, rodi mai milimita 12 za mu ɗaura ko mai 16? Takardata daban, ta oga daban." In an taki sa'a, a tsayar da aiki a yi ta buge-bugen waya. In ba a taki sa'a ba, a zuba kankare bisa tsohon zane, kuma in ya riga ya kama babu abin da ya rage sai fasawa.

Asarar tana iya wuce ta siminti da rodi. A ranar 17 ga Yuli, 1981, hanyoyin tafiya guda biyu da aka rataye a sararin zauren otal ɗin Hyatt Regency da ke birnin Kansas City a Amurka suka rufto kan jama'a, mutum 114 suka rasu. Bincike ya nuna cewa a zanen farko sandunan ƙarfe dogaye ne za su riƙe hanyoyin biyu tun daga rufi. Daga baya aka sauya, aka raba kowane sanda biyu, ta ƙasa ta koma rataye a jikin ta sama. Wannan sauyi ya ninka nauyin da ke kan mahaɗar ta sama, kuma aka amince da sabon zanen ba tare da an sake lissafi yadda ya kamata ba. Manhaja ba ta yi wa injiniya lissafi. Abin da take yi shi ne ta hana sauyi wucewa a ɓoye: wane ne ya sauya, yaushe, a wane fayil, da wane dalili.

Tsarin bai bambanta da na littafin sito a wurin gini ba. Buhun siminti ba ya fita sai an rubuta sunan wanda ya ɗauka da ranar da ya ɗauka da aikin da za a yi da shi. Zane ya fi buhun siminti daraja, don haka ya fi cancantar a yi masa littafi.

1. Manhajar da za mu yi aiki da ita

Manyan kamfanoni suna sayen manhajoji irin su Autodesk Vault da SolidWorks PDM da Bentley ProjectWise. Suna da kyau, amma lasisinsu da kula da su sun fi ƙarfin ƙaramin ofis. A wannan darasi za mu ɗauki Subversion, wadda ake taƙaita sunanta da SVN. Kamfanin CollabNet ne ya fara ta a shekarar 2000, cikakkiyar sigarta ta farko ta fito a 2004, sannan daga 2010 ta zama ɗaya daga cikin manyan ayyukan gidauniyar Apache. Kyauta ce, kuma ƙa'idar aikinta ita ce dai ta waɗancan masu tsada: a ɗauko, a kulle, a gyara, a mayar. Wanda ya iya wannan ba zai sha wahalar koyon sauran ba.

Ɗalibi zai iya tambaya: me ya sa ba Git ba, wadda Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005, kuma masu rubuta manhaja suka fi amfani da ita a yau? Dalilin yana cikin irin fayilolin da muke aiki da su. In mutum biyu suka gyara rubutu zalla, manhaja tana iya haɗa gyaran biyu layi bayan layi. Fayil ɗin AutoCAD ko na Excel ba ya haɗuwa haka. In biyu suka gyara shi lokaci guda, dole aikin ɗaya ya tafi a banza. Maganin shi ne kulle, kuma Subversion da kullenta take zuwa. Ƙari a kan haka, tana aiki a kan hanyar sadarwar cikin ofis ko babu intanet, don haka ba a ƙona data a kan kowane zane da aka mayar.

Abubuwa uku ne ginshiƙin tsarin, ku riƙe su da kyau:

- Rumbu. Shi ne ma'ajiyar asali da ke cikin kwamfutar ajiya, wato saba. Duk fayiloli da duk tarihinsu suna nan. Ba a buɗe foldar rumbu da hannu, ba a kwafa komai a cikinta, ba a goge komai. Ta hanyar manhaja kaɗai ake shigarsa.
- Kwafin aiki. Folda ce a kwamfutar kowane ma'aikaci wadda aka ɗauko daga rumbu. A nan ake buɗe zane a yi gyara.
- Lambar sauyi. Duk sanda wani ya mayar da gyara, rumbu gaba ɗaya yana samun sabuwar lamba: 1, 2, 3, haka har abin da ya sawwaƙa. In aka ce "zanen lamba 48", kowa a ofis ya san ainihin wanda ake nufi.

2. Shiri kafin girkawa

Ku ware kwamfuta ɗaya ta zama saba. Ba dole ta kasance mai tsada ba, amma kada ta zama ta hannu wadda wani ke tafiya da ita gida ko wurin aiki. Ku tanadar mata waɗannan:

- Na'urar riƙe wuta, wato UPS, ko a jona ta da inbata. Ɗaukewar wuta a tsakiyar rubuta fayil yana daga cikin abubuwan da ke lalata faifan ajiya.
- Wuri isasshe a faifai. In akwai faifai na biyu, ko ɓangare na biyu kamar D, a nan za a ajiye rumbu, don ranar da aka sake ɗora Windows kada a share shi tare.
- Suna tsayayye mai sauƙi, misali OFIS-SABA, da adireshin IP wanda ba ya canzawa. Da wannan suna sauran kwamfutoci za su riƙa nemanta. In aka sauya shi daga baya, sai an bi kowace kwamfuta an gyara.
- Waya daga saba zuwa na'urar rarraba sadarwa. Waya ta fi sadarwar iska tabbas wajen jigilar manyan fayiloli.
- Agogo da kwanan wata daidai, domin da agogon saba ake rubuta lokacin kowane sauyi.

Manhajojin biyu ku sauko da su daga shafukan masu su kai tsaye. Kada ku karɓi kwafi daga filashin wani, komai amincin da ke tsakaninku.

3. Girka saba

VisualSVN Server ƙunshi ne da ya haɗa Subversion da duk abin da take bukata don ta yi aiki a Windows, kuma yana da lasisin kyauta ga ƙananan ƙungiyoyi. Ga matakan:

1. Ku buɗe fayil ɗin girkawa da izinin mai kula da kwamfuta, ku amince da sharuɗɗan lasisi.
2. Ku zaɓi a girka saba tare da kayan gudanarwarta.
3. A gurbin "Repositories" ku nuna inda rumbuna za su zauna, misali D:\Repositories.
4. A gurbin "Server Port" ku bar 443. In wata manhaja ta riga ta kama wannan ƙofa, ku zaɓi 8443. Ku bar zaɓin sadarwa mai tsaro a kunne, don kalmar sirri kada ta bi waya a fili.
5. Wajen tantance masu shiga, ƙaramin ofis ya zaɓi tantancewar Subversion, wadda ke riƙe da nata jerin sunaye.

In an gama, ku buɗe VisualSVN Server Manager. A gefen hagu za ku ga "Repositories" da "Users" da "Groups". Ku ɗora linzamin kwamfuta a kan "Repositories", ku danna maɓallin dama, ku zaɓi "Create New Repository". Daga nan duk inda muka ce "danna dama" wannan muke nufi. Nau'in rumbu ku bar shi a FSFS. Ku ba shi suna gajere, ba sarari a tsakani, misali kwalbati. In aka tambaye ku tsari, ku zaɓi wanda ke zuwa da foldoji uku: trunk da branches da tags. Amfanin trunk da tags za ku gan shi a sashe na 8. Wajen izini kuwa ku zaɓi a hana kowa shiga tukuna. Daga baya za a buɗe wa wanda ya dace. A ƙarshe za a nuna muku adireshin rumbun, mai kama da wannan:

https://OFIS-SABA/svn/kwalbati

Ku rubuta shi ku ajiye. Shawararmu ita ce kowane aikin kwangila ya samu rumbunsa, domin ranar da aka kammala aikin a iya naɗe shi a adana shi shi kaɗai.

4. Rajistar ma'aikata da rabon izini

A ƙarƙashin "Users" ku buɗe wa kowane ma'aikaci sunansa da kalmar sirrinsa. Wannan wuri ba ya son sassauci. In ofis gaba ɗaya yana shiga da suna ɗaya, tarihi zai nuna cewa an yi sauyi amma ba zai nuna wanda ya yi ba, kuma rabin amfanin manhajar ya tafi kenan. Ko ɗalibin da ya zo sanin makamar aiki na wata uku, a ba shi nasa sunan, ranar da ya tafi a rufe.

A ƙarƙashin "Groups" ku buɗe rukunai bisa ga aiki: injiniyoyi, masu zane, safiyo, masu dubawa. Sannan ku danna dama a kan rumbu ko wata folda a cikinsa, ku shiga "Properties", ku raba izini. Izini iri uku ne: babu shiga, karatu kawai, karatu da rubutu. Ga tsarin da ya dace da ƙaramin ofis:

- trunk: injiniyoyi da masu zane da safiyo su samu karatu da rubutu, masu dubawa karatu kawai.
- tags: babban injiniya kaɗai ke da rubutu, sauran kowa karatu.
- foldar farashi da takardun neman kwangila: sai waɗanda abin ya shafa.

Ban da izinin babban injiniya a tags, a ba rukuni izini, kada a ba mutum ɗaya-ɗaya. In aka ɗauki sabon mai zane, sanya shi cikin rukuninsu ya wadatar.

5. Girka TortoiseSVN a kwamfutocin ma'aikata

TortoiseSVN ita ce hannun da ma'aikaci ke miƙawa cikin rumbu. Ku sauko da wadda ta dace da kwamfutar, yawancin na yanzu masu 64-bit ne, ku girka, ku sake kunna kwamfutar. Siga ɗaya za ku sa wa kowa a ofis. Kada ku nemi wata taga ta musamman da za ta buɗe, domin a cikin jerin danna dama take zaune. A Windows 11 wani lokaci sai an danna "Show more options" kafin ta bayyana.

Ku buɗe sabuwar folda, misali C:\Ayyuka\kwalbati. Kada ta kasance cikin foldar da OneDrive ko Google Drive ko Dropbox ke kwafewa da kansu, don suna rikita bayanan da Subversion ke ajiyewa. Ku danna dama a kanta, ku zaɓi "SVN Checkout", ku rubuta adireshin rumbu ku ƙara /trunk a ƙarshensa. A karon farko za a yi muku gargaɗi game da takardar shaidar saba, saboda ita ta ba kanta shaidar. Ku kwatanta lambar shaidar da aka nuna da wadda ke kan saba, in sun yi daidai ku amince da ita dindindin. Sai ku sa suna da kalmar sirri.

A cikin kwafin aiki akwai ɓoyayyiyar folda mai suna .svn. A nan manhajar ke ajiye kwafin asali na kowane fayil don ta gane abin da aka taɓa. Shi ya sa kwafin aiki yake cin wuri kusan ninki biyu na girman fayilolin. Kada a goge ta, kada a taɓa abin da ke ciki.

6. Saiti: inda aikin yake

Girkawa aikin ɗan lokaci ne. Abin da ke raba ofishin da ya ci moriyar manhajar da wanda ya watsar da ita bayan wata biyu shi ne saiti. Kuma dole a yi shi kafin a zuba fayil ko ɗaya a rumbu. Za ku ga dalili a ƙasa.

*(a) Tsarin foldoji.* A cikin trunk ku buɗe foldoji masu lamba a gaba, don su jeru iri ɗaya a kowace kwamfuta: 01_safiyo, 02_zane, 03_lissafi, 04_kididdiga, 05_wasiku, 06_hotuna. A sunan fayil ku guji sarari da haruffa masu lanƙwasa irin su ƙ da ɗ da ɓ, saboda wasu tsofaffin manhajoji na tuntuɓe a kansu. Kuma daga yau an daina rubuta "sabo" ko "na ƙarshe" ko kwanan wata a sunan zane. Zane ɗaya, suna ɗaya, daga farkon aiki har ƙarshensa. Lambar sauyi ce ke bambanta na jiya da na yau.

*(b) Kulle dole.* Ku danna dama a kan babbar foldar kwafin aiki, ku shiga TortoiseSVN, ku zaɓi "Properties", sannan "New", ku ɗauki zaɓin da ke ba ku damar saka sunan saiti da kanku. Sunan shi ne svn:auto-props. A gurbin rubutu ku sa waɗannan layuka:

*.dwg = svn:needs-lock=*
*.xlsx = svn:needs-lock=*
*.docx = svn:needs-lock=*

Ku ƙara duk wani nau'in fayil da ofishinku ke amfani da shi. Ma'anar layukan ita ce duk sabon fayil irin waɗannan da aka shigar zai zo wa kowa a matsayin na karatu kawai, har sai mutum ya karɓi kulle. Wannan saiti ya samu ne daga siga ta 1.8 da ta fito a 2013. Alfanunsa shi ne a rumbu yake zaune, sau ɗaya ake rubuta shi ya hau kan kowa. Amma ku lura: fayilolin da aka shigar bayan an yi saitin kaɗai yake kamawa. Waɗanda suka riga shi shiga sai an bi su an sa musu da hannu. Dalilin da ya sa muka ce saiti kafin zuba kaya kenan.

*(c) Tarkacen da ba a so.* AutoCAD yana barin fayiloli masu ƙarewa da .bak da .dwl da .dwl2 a gefen zane. Word da Excel suna barin waɗanda sunansu ke farawa da ~$. Ba su da amfani a rumbu, cika shi kawai suke yi. Ta hanyar da kuka bi a sama ku ƙara saiti mai suna svn:global-ignores, ku jera su layi-layi: *.bak, *.dwl, *.dwl2, ~$*, Thumbs.db.

*(d) Dalili dole.* Ku ƙara saiti na uku, tsvn:logminsize, ku ba shi lamba 20. Daga nan TortoiseSVN ba za ta bari a mayar da gyara ba sai an rubuta bayanin da ya kai haruffa 20. Da Hausa ma ana iya rubutawa, har da haruffa masu lanƙwasa, domin bayani ba shi da matsalar da sunan fayil ke da ita.

*(e) Zanen da ke jingine da wani.* In zane yana janyo wani zanen daga waje, abin da masu AutoCAD ke kira Xref, ku saita hanyarsa ta zama "Relative path". In aka bar cikakkiyar hanya mai ɗauke da sunan foldar mutum ɗaya, zanen zai buɗe a kwamfutar abokin aikinsa da giɓi.

In kun gama, ku danna dama ku zaɓi "SVN Commit" don saitin ya shiga rumbu. Sai yanzu ne za ku kwafo fayilolin aiki cikin foldojinsu, ku zaɓi "Add", ku sake yin "SVN Commit". Kafin haka ku zauna da babban injiniya a tantance wane kwafi ne na gaskiya a cikin tarin da ake da shi. Shi kaɗai zai shiga.

7. Aikin yau da kullum

Matakai huɗu ne, kullum a jere:

1. Sabuntawa. Da safe, kafin a buɗe komai, "SVN Update". Gyaran da abokan aiki suka mayar zai sauko.
2. Kullewa. A danna dama a kan zanen da za a taɓa, a zaɓi "Get Lock". In wani ya riga ku, za a nuna muku sunansa. Sai ku je ku yi magana da shi.
3. Gyara. A yi aiki, a adana, a rufe zanen.
4. Mayarwa. "SVN Commit", tare da bayani. Kullen yana sakin kansa, sai fa in an zaɓi a ci gaba da riƙe shi.

Alamomin da ke kan fayiloli suna gaya muku halin da ake ciki. Koren maki na nufin ba a taɓa fayil ba. Jan alamar motsin rai na nufin an gyara ba a mayar ba. Maki mai ruwan toka na nufin sai an karɓi kulle. Hoton kwaɗo na nufin kullen yana hannunku.

Dubi bambancin waɗannan bayanai biyu. Na farko: "Na yi gyare-gyare a zane." Na biyu: "An ƙara kaurin rodin murfin kwalbati daga milimita 12 zuwa 16, bisa umarnin babban injiniya bayan sabon lissafin nauyin manyan motoci." Bayan shekara biyu, in mai aiki ya zo yana tambayar abin da ya ƙara kuɗin rodi, na biyun ne zai fitar da ofis kunya. Ana ganin dukan bayanan ta "Show log", kuma daga nan ake iya ciro zane kamar yadda yake a kowace lamba ta baya.

Ga wasu wuraren da sababbi ke yawan tuntuɓe:

- Sauya sunan fayil ko matsar da shi, ta TortoiseSVN ake yi. In aka yi ta hanyar Windows, manhajar za ta ɗauka an goge ɗaya an kawo wani, igiyar tarihi ta tsinke.
- "Revert" yana zubar da gyaran da ba a mayar ba. A karanta jerin fayilolin da kyau kafin a amince.
- In wuta ko sadarwa ta yanke ana tsakiyar mayarwa, rumbu ba ya karɓar rabin aiki: ko duka ya shiga, ko babu abin da ya shiga. In kwafin aiki ya ƙi motsi bayan haka, a yi masa "Clean up" a sake gwadawa.
- Abin da ya shiga rumbu ya shiga tarihi. Ko an goge shi, yana nan a lambobin baya. Kada a sa kalmar sirri ko bayanan banki a ciki.
- Kada a tafi hutu da kulle a hannu. Manhajar ta ba da damar ƙwace kulle daga hannun wani, amma ofis ya kafa doka cewa babban injiniya kaɗai ke ba da wannan umarni, bayan an nemi mai kullen.

8. Fitar da zane zuwa wurin aiki

Ƙa'idar duniya ta ISO 19650, wadda kashinta na 1 da na 2 suka fito a 2018, ta raba bayanan aikin gini zuwa matakai huɗu: wanda ake kan yi, wanda aka raba don a duba, wanda aka amince aka fitar, da wanda aka adana. Ƙaramin ofis zai iya bin wannan hikima da abin da muka girka. Trunk shi ne wurin aikin da ake kan yi, kuma ba a gini da abin da ke cikinsa. In babban injiniya ya duba ya sa hannu, sai ya danna dama a kan babbar folda ya zaɓi "Branch/tag", ya yi kwafi cikin tags da suna bayyananne, misali tags/fitarwa-B-don-gini. Irin wannan kwafi kusan ba ya cin wuri, domin rumbu nuni kawai yake yi zuwa ga lambar da aka kwafa.

Daga wannan kwafi ake fitar da PDF ɗin da za a buga ko a tura wa ɗan kwangila. A rubuta harafin fitarwa da lambar sauyi a akwatin bayanan zane. In sabuwar fitarwa ta zo, injiniyan fili ya karɓe tsofaffin takardu daga hannun birkila da kafinta da mai ɗaurin rodi, ya soke su da jan biro. Kada kuma a buɗe sabar ofis ga intanet haka kawai don na fili su shiga. In akwai bukatar hakan, a nemi masani ya haɗa amintacciyar hanya ta VPN.

9. Kwafin ko-ta-kwana

Tattara komai wuri ɗaya yana da haɗarinsa: in faifan saba ya mutu, ko gobara ta tashi, ko ɓarawo ya shigo, tarihi ya tafi gaba ɗaya. Kwafin aikin da ke hannun ma'aikata ba ya ɗauke da tarihi. Don haka a jona faifan waje, a buɗe tagar umarni a kan saba, a rubuta:

svnadmin hotcopy D:\Repositories\kwalbati E:\Ajiya\kwalbati-01

Wannan umarni yana ɗaukar cikakken kwafi ko da ana cikin aiki da rumbun. Foldar da za a zuba kwafin ta zama sabuwa. Sannan a duba lafiyarsa:

svnadmin verify E:\Ajiya\kwalbati-01

Masana ajiya suna da ƙa'idar da suke kira 3-2-1: kwafi uku, a kan na'urori iri biyu, ɗaya daga ciki a wajen ginin ofis. A sa rana tsayayya a mako, a ɗora wa mutum ɗaya alhakin, a buɗe masa takardar sa hannu. Jerin masu shiga da rukunansu ba a cikin kowane rumbu suke ba, suna cikin babbar foldar Repositories, don haka su ma a kwafe su. Lokaci-lokaci a gwada dawo da kwafin a wata kwamfuta, a ɗauko zane a buɗe a gani da ido. Rigakafi ya fi magani.

Taƙaitawa

Rumbu ɗaya ne, kwafin aiki na kowa ne. Kowane ma'aikaci da sunansa, izini kuma bisa rukuni. Ana saita kulle da jerin tarkace da tilasta bayani kafin a zuba fayiloli. Aikin kullum shi ne sabuntawa, kullewa, gyara, mayarwa. Abin da ke cikin tags kaɗai ake gini da shi. Kwafin ko-ta-kwana ba ya zama abin dogaro sai an gwada shi.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin rumbu da kwafin aiki?
2. Me ya sa fayil ɗin zane ke bukatar kulle alhali rubutu zalla ba lallai ya bukata ba?
3. Me zai faru in aka zuba zane-zane a rumbu kafin a saita svn:auto-props?
4. Kawo illa biyu na shigar ma'aikata duka da suna ɗaya.
5. Wane darasi rushewar da ta auku a Kansas City a 1981 ke koya wa mai sauya zane?
6. Bayyana ƙa'idar 3-2-1 da misali daga wurin aikinku.

Aikin gwaji

Ku kasu uku-uku: babban injiniya, mai zane, mai dubawa. Ku girka saba a kwamfuta ɗaya, ku buɗe rumbu, ku yi saitin da ke sashe na 6. Mai zane ya kulle fayil, babban injiniya ya gwada kulle shi, ku rubuta saƙon da ya fito. Mai dubawa ya gwada mayar da gyara, ku rubuta abin da ya faru. A ƙarshe ku yi fitarwa ɗaya cikin tags, ku ɗauki kwafin ko-ta-kwana, ku nuna wa malaminku sakamakon "verify".

Ɗalibai, zanen da ke hannunku amana ce ta mutanen da za su bi ta kan gadar ko su kwana a ƙarƙashin rufin, kuma yawancinsu ba za su taɓa sanin sunanku ba. In kun koma wuraren aikinku, ku fara da aiki ɗaya ƙarami, ku bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, kuma kada ku bari zane ya fita ofis ba tare da lambarsa da sunan wanda ya amince da shi ba.